A Bar Mu Mu Karanta Don Daɗi

Akwai wata cuta da ta kama masu nazarin adabi a jami'o'inmu, kuma tun da na ga kowa ya kama bakinsa, to, ni zan faɗa. Cutar kuwa ita ce jin kunyar jin daɗi. Ɗalibi zai karanta littafi a ɗakin kwana ya yi ta dariya har da hawaye, amma in aka tambaye shi a aji me ya gani a ciki, sai ya gyara zama, ya murtuke fuska, ya ce jigon littafin gargaɗi ne da gyaran hali. Shi ya san ba abin da ya hana shi barci ke nan ba, malamin ma ya sani, amma sai ya ba shi maki. In kuwa tsautsayi ya sa aka gan ka da littafin da ya haɗa soyayya da labarin mutanen da, ga barkwanci, ga kuma wani asiri da aka ƙulle sai shafin ƙarshe za a kwance shi, to, ka shiga uku. Wani ya ce shirme ne. Wani ya ce karatun 'yan mata ne, sai ka ce karatun 'yan mata wani abin kunya ne. Wani kuma ya ɗaga hanci ya ce tarihi ya fi ƙarfin wasa. Ni dai irin waɗannan littattafai nake so, kuma ina da'awar cewa ƙyamar da ake nuna musu ta jawo mana hasara babba, musamman mu mutanen bakin gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi.

Mu fara da gida. Littattafan nan da ake tilasta mana haddace jigoginsu don jarrabawa, yaya aka yi aka same su? A 1933 ne Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasa, yana neman ƙagaggun labarai da wanda ya iya boko zai karanta don nishaɗi, domin ya lura an koya wa mutane karatu amma ba a ba su abin da zai sa su so karatun ba. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Don Allah a duba su da idon basira. Wa ya taɓa karanta Ruwan Bagaja saboda yana so a gyara masa hali? Abin da ya riƙe mutane shekara casa'in shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya jefa wancan cikin rami, gobe su haɗu a wani gari wancan ya rama har da riba. Ganɗoki kuwa ya ɗauko yaƙin da aka yi da Turawa, tun daga Kwantagora har Burmi a 1903, ya zuba shi a bakin wani jarumi mai cika baki, sa'an nan ya wuce da shi ƙasashen aljannu. Shaihu Umar tarihin bauta ne da fataucin hamada, amma abin da ke matse zuciya a cikinsa uwa ce da ta bi sawun ɗanta. Jiki Magayi kuma soyayya ce tsantsa: Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya ƙwace ta, sai ramuwar gayya ta faɗa kan ɗan da aka haifa, har ya kashe ubansa bai sani ba. Watau tun ran gini tun ran zane. Da soyayya, da tarihi, da dariya, da jan rai, su ne duwatsun murhun da aka ɗora tukunyar ƙagaggen labarin Hausa a kansu. Mu ne daga baya muka zo muka kashe wutar, muna auna tukunyar da ma'auni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka ware soyayya aka yi mata kudin goro. A 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, ba wanda ya ce sama ta faɗo. Da marubutan Kano suka fantsama, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mata da matasa suka koma karatun Hausa dubbai, sai aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwa, har a 2007 aka tara littattafan aka cinna musu wuta a Kano a gaban jama'a. Akwai gurɓatattu a cikinsu, ba na musu. To, akwai gurɓatattun waƙoƙi ma, ban ji an ce a daina waƙa ba.

Masu raina wannan fanni suna son kafa hujja da Turawa, to, bari mu je can ɗin. Walter Scott, mutumin Sikotlan, shi ake ɗauka uban ƙagaggen labarin tarihi a Turai. A 1814 ya fitar da Waverley, a kan tawayen da 'yan ƙasarsa suka yi a 1745, a 1819 kuma ya fitar da Ivanhoe. Me ke cikin Ivanhoe? Jarumi ya dawo daga yaƙi ya ɓad da kama, ubansa ya kore shi saboda wata yarinya, mata biyu suna cikin ransa da lamarinsa, Rowena da Rebecca, ga wani baƙin barde da ba a san ko wane ne ba sai daga baya ya bayyana ashe Sarki Richard ne, ga wawan fada Wamba da makiyayi Gurth suna ta ba'a. In da da Hausa aka rubuta shi, na rantse wasu daga cikinmu za su ce adabin kasuwa ne. Akwai kuma wata Baturiyar Ingila, Georgette Heyer, wadda ta fara buga littafi a 1921 ta rasu a 1974, ta bar littattafai fiye da hamsin. Da yawansu ta gina su ne a kan Ingila ta wajen 1811 zuwa 1820. A Regency Buck na 1935 ana neman ran wani saurayi magaji, 'yar'uwarsa kuma ta rasa wanda za ta zarga, har da mutumin da zuciyarta ta fara karkata gare shi. A The Talisman Ring na 1936 kisan kai aka yi, zobe ya ɓace, aka ɗora wa wanda ba shi ya yi ba, amma kana karantawa kana riƙe ciki don dariya. Manazartan ƙasarta sun yi biris da ita tana da rai. Ita kuwa tana can tana cika kundaye da kalmomin mutanen wancan zamani, da sunayen tufafinsu, da kekunan dokinsu, da farashin kaya, don kada ta sa wa mutum maganar da ba ta zamaninsa ba. Har yau ana sake buga littattafanta, masu yi mata biris kuwa sai an tona kafin a tuna sunayensu.

In an ce waɗannan Turawa ne, ga Larabawa. Jurji Zaidan, wanda aka haifa a Bairut a 1861 ya rasu a Alkahira a 1914, shi ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892, ya kuma rubuta ƙagaggun labarai fiye da ashirin a kan tarihin Musulunci. Dabararsa guda ce, bai kuma ɓoye ta ba: ya san mutane ba za su zauna su karanta tarihi zalla ba, sai ya ɗauko saurayi da budurwa ya raba su, ya ɓoye wani sirri, ya sa mai karatu ya bi su cikin yaƙi da fada har ya sha tarihin bai ankara ba. A littafinsa na cin Andalus, Florinda da Alfonso kake bi, amma kafin ka gama ka san Ɗariƙu bin Ziyad da abin da ya faru a shekarar 711. An soki Zaidan a kan yadda ya kalli wasu al'amura, kuma sukar tana da tushe. Sai dai masu sukarsa ba su hana yaran Masar da Sham sanin sunayen daulolinsu daga bakinsa ba.

To, yanzu mu dawo Kabi, don a nan ne abin ke yi mini ciwo. A tsayar da ɗalibai goma a Birnin Kebbi a tambaye su labarin wani wasan Indiya ko na Turkiyya mai dogon zango, za su zayyano sarakunan ciki da matansu da munafukan fadarsu. A tambaye su Yakubu Nabame, sai ka ga ana kallon-kallo. Laifinsu ne? Tarihin yana nan, amma mun kulle shi cikin kundayen digiri, ƙura ta rufe, gara tana ci. Alhali kuwa ƙasar nan tana da labarin da Scott zai yi kwaɗayinsa.

A ɗauki Kanta. Tarikh al-Sudan ya ambaci yadda ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, a kan rabon ganima. Ya gina Surame da ganuwar dutse, wadda kufanta ke nan har yanzu cikin Jihar Sakkwato. Ruwaya ta ce da ya kira ƙasashen da ke ƙarƙashinsa aikin ganuwa, Nufawa suka makara, sai ya ce su nasu ɓangaren ba da ruwa za su kwaɓa ƙasar ba, da man kaɗanya. Wannan ba abin dariya ba ne? Ka ƙiyasta shugaban ayarin nan yana lissafin tulunan mai, yana tsine wa wanda ya ce a ƙara kwana a hanya. Ƙarshen Kanta kuma asiri ne da kansa: ya dawo daga yaƙin Barno, aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu a hanya, wata ruwaya ta ce an kai shi Surame, wata kuma ta ce an yi kaburbura da dama don a ɓad da sawu. Marubuci mai wayo ba ya bukatar fiye da haka.

Amma ni in da zan zaɓa, zamanin da ya biyo bayan 1805 zan ɗauka, shekarar da rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, sarautar Kabi ta fita daga birninta. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari. Ɗansa Yakubu Nabame ya faɗa hannun Sakkwato, ya yi shekaru masu yawa a can, ba a kurkuku ba, a cikin fada, yana cin tuwonsu, yana hawan dokinsu, yana fita yaƙi tare da su. Ana ba da labarin cewa ya ceci ran wani ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a fagen fama, abin da ya sa aka sake shi. A 1849 ya ɗaga tutar tawaye daga Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya, a 1854 aka kashe shi a yaƙi. Jama'a, ku tsaya ku dubi mutumin nan. Gidan da ya kashe ubansa shi ya rene shi. Wa ya sani a Sakkwato, wa ya bari a can, da wane ido ya dubi abokan da ya yi zaman fada da su ranar da suka haɗu kowa da mashinsa? Littafin tarihi zai ba ka 1831 da 1849 da 1854, ya rufe bakinsa. Abin da ke tsakanin shekarun nan, wanda shi ne ɗan Adam ɗin, sai mai ƙaga labari.

Ga kuma Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga daga 1867, wanda ya yi wajen shekara takwas kafin a koma ruwa. Shekara takwas hanyoyi a buɗe, fatake suna wucewa, masunta suna kai kifi kasuwar da jiya ba su isa su taka ba. A ce a cikin waɗannan shekaru ɗan masunci daga Argungu bai taɓa haɗa ido da 'yar makiyayi daga ƙasar Gwandu ba? A ce ba a yi tsohuwa mai kai saƙo tana cin goron ɓangare biyu ba? A ce ba a yi ɗan leƙen asiri da ya shigo da shigar mai tallan magani ba? Ga soyayyar, ga barkwancin, ga asirin, ga kuma sanin da mai karatu ke da shi cewa sulhun nan zai ƙare, wanda shi zai hana shi ajiye littafin.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan cakuɗa gaskiya da ƙarya ne, yaro zai karanta ya ɗauka haka aka yi. To, ai sunan abin ƙagaggen labari, bai yaudari kowa ba. Kuma dabarar da Scott ya bi ta isa magani: tauraron labari da masoyiyarsa ƙagaggu ne, su ke tsakiyar fili, manyan mutanen tarihi kuwa a gefe suke, su gilma su wuce, ba a sa musu maganar da za ta zubar da su, ba a ƙaga musu laifin da ba su yi ba. Ba wanda ya ce a ɗauko Malam Abdullahin Gwandu ko wani sarki a mai da shi ɗan wasa. Sa'an nan wannan fanni ba na malalata ba ne, kamar yadda ake zato. Wanda zai rubuta Argungu ta zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, tilas ya san bambancin sulke da lifidi, ya san yadda ake riƙe homa a hau gora a bi ruwa, ya san da wuri ake ciniki, ya san lokacin da ruwa ke cika fadama da lokacin yankan shinkafa, ya kuma sa wa mutanensa Kabanci a baki, kada ya sa Bakabe yana magana kamar ɗan Fagge. Wannan bincike bai gaza na kundin digiri ba. Bambancinsu kawai, wannan za a karanta shi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta, kada a tayar da tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da mutanen Gwandu da Sakkwato. Wannan ina girmama masu faɗarta, amma ban yarda da su ba. Gabar ba ta ɓuya ba balle a ce littafi ne zai tono ta. Tana cikin kirari, tana cikin hirar tsofaffi, kowane gida da irin tasa ruwayar, kuma kowace ruwaya ɓangare guda take yabo. Labarin soyayya kuwa ba ya yiwuwa sai an ba kowane ɓangare fuska da zuciya, don in ka mai da dangin yarinyar dodanni, wa zai yarda saurayin ya so ta? Scott ya rubuta tawayen 1745 ta yadda jikan wanda ya ci da jikan wanda aka ci duk suka karanta suka ga kakanninsu da mutunci, kuma shi ne ya shirya bikin tarbar Sarki George na Huɗu a Edinburgh a 1822. Mu ma muna da irin wannan rana. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su a gulbi don girmamawa, daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asalinsa na zamani, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ku lura, sarakuna da kansu ba da lacca suka rufe gabar ba, da wasa suka rufe ta. Mu da mutanen Gwandu kuma jiha guda muke, aji guda muke zama, an yi auratayya har ba a iya rabewa. Bahaushe ma ai ya daɗe da sanin wannan magani: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, wasan da ke tsakaninsu ya fi wa'azi dubu kashe wuta. Mai cewa dariya tana rage wa tarihi martaba bai taɓa zama inda taubasai ke yi wa juna tsiya ba.

Saura masu cewa soyayya tana ɓata tarbiyya. Waɗannan ba zan daɗe a kansu ba. Ƙannenmu suna karanta labaran soyayya a waya ta WhatsApp dare da rana, ko mun so ko mun ƙi, waɗansu ma ba su da kai ba su da gindi. Hana su ba zai yiwu ba. Abin da ya rage shi ne a ba su wanda ya fi, mai kunya irin ta mutanen da, inda kallo guda a bakin rijiya zai ɗauki babi sukutum.

Malamaina, ba cewa nake a daina koyar da jigo da salo da zubi da tsari ba. Cewa nake a ƙara tambaya guda a aji: ina ne ya ba ka dariya, ina ne ka kasa ajiye littafin, kuma wace dabara marubucin ya yi har ya kama ka haka? Wanda ya iya amsa wannan ya fahimci salo fiye da wanda ya haddace ma'anarsa daga takardar malam. Ɗalibin da aka koya masa jin kunyar abin da ya ji daɗinsa, ba zai taɓa rubuta abin da wani zai ji daɗi ba, shi ya sa muke yaye masu sharhi ɗari kafin mu yaye marubuci guda.

Ga shugabannin wannan ƙungiya tamu kuma ina da roƙo. A taronmu na gaba a ajiye muƙala, a ɗauko Ruwan Bagaja a karanta babi biyu da ƙarfi, wanda dariya ta kama shi ya yi abarsa. A hutun zango a yi karo-karo a ɗauki mota a je Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942 kafin a mai da ita gidan tarihi a 1958, kowa da littafin rubutunsa, a dubi masu da takubba da tambura da kayan su, a zauna da masu kula da gidan a sha labari. Sa'an nan Malam Edita ya ware shafi huɗu a fitowa ta gaba don babin farko na duk wanda ya gwada, da sharaɗin labarin ya faru tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kafin zuwan Turawa, a sami masoya biyu, a sami abin da aka ɓoye, a kuma sami aƙalla mutum guda mai ban dariya. Ni na riga na zaɓi shekarun Lafiyar Toga, kada wani ya taɓa mini su.